Za a saka mana sifirinkila amma rigar bangon mai cin wuta tana nan: in zauna ko in tashi?

Maman Ilham, Manchesta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zo neman shawara, musamman wajen waɗanda suka san harkar gini ko suke zaune a dogayen benaye irin namu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata huɗu a Ingila. Muna haya a hawa na 11 na wani bene mai hawa 16, ni da maigidana da yara biyu, babbar shekararta shida, ƙaramin bai cika biyu ba. Sau uku a mako aikin dare nake yi, in bar su suna barci.

Bara wasu ma'aikata suka zo da igiyoyi, suka riƙa saukowa ta jikin ginin suna yanka ƴan ramuka a bango suna leƙawa. Ba wanda ya ce mana komai. Sai makonni uku da suka wuce aka turo wa kowa wasiƙa ta ƙasan ƙofa. Abin da na fahimta shi ne, fallayen da aka lulluɓe bangon waje da su, masu sheƙi kamar azurfa, a wasu sassan ginin irin waɗanda ake kira ACM ne, masu roba a tsakiya. A bayansu kuma akwai wani soso mai tauri na tare sanyi, shi ma yana cin wuta. Suka ce a wasu wuraren da aka buɗe ba a sami shingen da ya kamata ya tare wuta tsakanin hawa da hawa ba.

Tun daga ranar abubuwa suka canja. A da, takardar da ke manne a bakin lif cewa take idan gobara ta tashi a wani fulat ɗin da ba naka ba, ka zauna a ɗakinka ka rufe ƙofa. Yanzu an cire ta, an ce da an ji jiniya kowa ya fita. An kawo mutum biyu masu rigar ɗorawa suna zagaya ginin dare da rana. Sannan an ce nan da ƴan watanni za a shiga kowane fulat a saka sifirinkila, wato famfunan nan na jikin silin da ke feso ruwa da kansu idan wuta ta tashi. Maganar cire fallayen kuwa, layi ɗaya suka rubuta: ana kan tattauna batun kuɗi. Babu rana, babu wata.

An yi taro da mu a ɗakin ƙasa. Wakilin kamfanin da ke kula da ginin ya yi ta nanata cewa da zarar an saka sifirinkila hatsarin zai ragu sosai. Wata tsohuwa Baturiya da ke hawa na 14 ta ɗaga hannu ta ce masa, ruwan nan a cikin ɗaki zai zuba, abin da ke cin wutar kuma a waje yake, to ta ina za su haɗu? Ya yi ta kewaye-kewaye har aka tashi. Tambayar matar nan ita ta hana ni barci tun ranar.

To ga abin da nake son sani. Idan an saka famfunan nan, ginin ya zama wanda mutum zai kwana da ƴaƴansa hankali kwance, ko kuwa lallashinmu ake yi? Matakala ɗaya ce tak a ginin. Ranar Lahadi na goya ƙaramin, na riƙe hannun babbar, muka sauka da ƙafa don in gwada, taki 170 da ɗoriya na ƙirga, kuma da rana ne, fitilu a kunne, ba hayaƙi, ba turereniya. Ga shi Hajiyarmu za ta zo daga Zariya bayan Sallah ta yi mana wata uku, ita kuwa ciwon gwiwa gare ta, ko matakalar masallacin unguwarmu sai an kama ta.

Akwai kuma ƙaramar tambaya, amma ta dame ni. Ina yin turaren wuta kusan kullum da yamma. Idan hayaƙin ya kai silin, ruwa zai ɓalle ya jiƙa mana gida ne? Maƙwabciyata ta ce ita ba za ta bari a shiga nata fulat ɗin ba saboda tsoron haka.

Don Allah wanda ya sani ya taimaka. Na gode.

Injiniya Ɗan Katsina, Bamingam

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya tsare ku da zuri'a. Aikina kenan, tsara hanyoyin kare gini daga gobara, don haka zan ɗan tsawaita, ki yi haƙuri.

Tsohuwar nan ta yi gaskiya. Sifirinkila magani ne na wutar da ta tashi a cikin ɗaki. Rigar bango mai cin wuta cuta ce ta waje. Wakilin bai yi ƙarya ba da ya ce hatsari zai ragu, amma duk wanda ya ce miki ɗaya zai maye gurbin ɗaya, kada ki yarda.

Bari in fara da turaren, don shi ne mai sauƙi. Hayaƙi ba ya buɗe sifirinkila, zafi ne ke buɗe shi. Bututun cike yake da ruwa a matse, a bakin kowane kai, wato famfon da ke jikin silin, kuma akwai wata ƴar siririyar kwalba mai jan ruwa a ciki, ita ce ta toshe hanyar. Sai iskar da ke wajen kwalbar ta kai digiri 68 sannan ta fashe ruwa ya feso. Kuma wanda zafin ya taɓa ne kaɗai zai buɗe. Idan wuta ta tashi a kicin, na falo da na ɗakin kwana suna nan a rufe, balle na maƙwabta. Ki faɗa wa maƙwabciyarki ruwan da kai ɗaya ke zubarwa bai kama ƙafar wanda tiyon ƴan kwana-kwana zai antayo mata ba idan wutar ta girma. Abin da turare zai tayar shi ne ƙararrawar hayaƙi. Abin da ya fi damuna a turaren shi ne garwashin. Kasko a kusa da labule, ga yaro mai tafiya yana taɓe-taɓe, ki koma na lantarki ki huta. Idan an saka kawunan kuma, kada a rataya musu kaya, kada a shafe murfinsu da fenti.

Suna aiki kuwa? Ƙwarai. Majalisar shugabannin hukumomin kashe gobara ta Birtaniya ta fitar da bincike a 2017 kan gobara fiye da 2,000 a gine-ginen da ke da su. An samu sun buɗe a kashi 94 cikin 100 na lokutan da ya kamata su buɗe, kuma idan suka buɗe suna kashe wutar ko su hana ta yaɗuwa a kashi 99 cikin 100. Shi ya sa tun Nuwamba 2020 duk sabon benen zama da ya wuce mita 11 a Ingila ake saka masa, alhali a da sai ya wuce mita 30. Yankin Wels ya riga kowa, tun 2016 kowane sabon gida sai da su. Tsofaffin benaye irin naku ne doka ba ta tilasta ba, don haka idan an ce za a saka muku, ki buɗe ƙofa da hannu biyu.

Yanzu ga rigar. Falle ɗaya na ACM, alminiyom ne siriri sama da ƙasa, kaurin kowanne rabin milimita, a tsakiya kuma roba mai kaurin kamar milimita 3. Robar nan dangin ledar fiya wata ce. Ki tuna yadda leda ke yi idan an cinna wa bola wuta a gida: ta narke, ta kama, ta riƙa ɗiga tana ci. Haka take yi a jikin bene, sai dai a nan tan-tan ce a tsaye daga ƙasa har sama. Alminiyom ɗin ba ya kare ta, domin yana narkewa a digiri 660, wutar da ke fitowa ta taga kuwa ta wuce haka. Sannan tsakanin fallen da bango an bar fili don iska ta wuce. Idan wuta ta shiga filin nan, sai ya riƙa zuƙo iska daga ƙasa yana hura ta kamar zugazugin maƙeri. Shingen da aka ce ba a samu a ginin ku ba, aikinsa kenan ya toshe wannan hanyar a kowane hawa. Wutar tana hawa sama da harshenta, tana sauka ƙasa da ɗigon roba, tana fasa tagogi tana shiga fulat bayan fulat.

A nan ne sifirinkila ke kaiwa iyakarsa. Ana auna tanki da famfo ne bisa zaton wuta ɗaya a fulat ɗaya, kawuna kaɗan da ba su wuce huɗu ba, su yi ta zuba na rabin awa zuwa awa ɗaya. Ba a tsara shi don fulat ashirin su kama a lokaci guda ba. Idan kawuna da yawa suka buɗe tare, ƙarfin ruwan sai ya rabu.

Akwai misalin da nake yawan ba mutane, domin ya nuna fuska biyun. A Nuwamba 2014, a birnin Melbon na Ostireliya, guntun taba da aka bari a barandar hawa na 8 na benen Lacrosse ya kunna wuta. Babu sifirinkila a barandar. Wutar ta kama fallayen, cikin kusan minti 11 ta kai hawa na 21. Ruwan cikin ɗakuna bai rage mata gudu ko kaɗan ba a waje. Amma da ta riƙa fasa tagogi, kawuna 26 suka buɗe, fiye da abin da aka tsara, aka yi sa'a ruwan ya riƙe, ya hana ta cin cikin gidajen. Mutum wajen 400 suka fita, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Kusa da ke ma, a Bolton, gidan ɗalibai da ake kira The Cube ya kama a Nuwamba 2019. Wani irin falle ne daban, na takarda da katako da aka matse da danƙo, shi ma ya ci sosai, abin da ya ceci ɗaliban shi ne an fitar da su da wuri.

Ra'ayina: sifirinkila zai rage yiwuwar wutar kicin ɗin wani ta kai ga taga tun farko, kuma yawancin gobarar benaye daga ciki take tasowa. Idan kuma ta taso daga waje, zai saya muku mintuna. Amma ginin bai warke ba sai an sauke rigar nan an sa wadda ba ta cin wuta, da audugar dutse a baya maimakon soso. Tun Disamba 2018 doka ta hana saka kayan da ke cin wuta a bangon sabon benen zama da ya wuce mita 18, kuma a ƙarshen 2024 gwamnati ta sa ƙarshen 2029 a matsayin wa'adin gyara dogayen benayen da ke cikin shirin tallafinta. Ki rubuta musu ki tambaya ko ginin ku yana cikin shirin, ki kuma nemi kwafin rahoton binciken bangon da na tantance hatsarin gobara. A rubuce, ba a baki ba.

Yau ɗin nan kuma ki gwada abu ɗaya. Ki buɗe ƙofar fulat ɗinki rabi ki sake ta. Idan ba ta koma ta rufe ruf da kanta ba, ki kai rahoto gobe da safe. Da matakala ɗaya, rayuwar kowa a ginin ta rataya ne kan kada hayaƙi ya shiga cikinta, ƙofofin nan kuwa su ne masu gadinta.

Maganar Hajiya, zan faɗa miki abin da zan faɗa wa ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Idan jiniya ta kaɗa ba a shiga lif. Idan ba za ta iya sauka hawa 11 da ƙafarta ba, kuma ke kina wurin aiki, maigidanki zai tsaya da yara biyu da surukarsa a kan matakala ɗaya. Ni ba zan sauke ta a nan ba sai an gama saka ruwan aƙalla.

Anti Mairo, Landan ta Yamma

Ƙanwata Maman Ilham, na karanta saƙonki tun ɗazu, na ajiye wayar na yi alwala na dawo kafin in iya rubutu.

Shekarata sama da ashirin a unguwar nan. A 2017 daga tagar kicin ɗina ana hango benen Grenfell. Daren 14 ga Yuni, 2017 cikin azumi ne, kin san azumin bazara a nan, ana idar da tarawihi dare ya raba, sahur kuma kafin ƙarfe uku. Ban kwanta ba, ina ɗumama abinci, sai na ga haske a jikin labule. Na ɗauka wata mota ce. Da na ɗaga, gefe ɗaya na benen ne ke ci, wutar tana hawa a miƙe kamar an ja mata layi. Daga baya muka ji a zaman bincike cewa an kira ƴan kwana-kwana da ƙarfe 12:54, firji ne ya kama a wani kicin a hawa na 4, kuma kafin ƙarfe ɗaya da rabi wutar ta kai ƙololuwar bene mai hawa 24. Ƴan kwana-kwanan sun kashe ta kicin ɗin, ashe ta riga ta fice ta gefen taga ta shiga rigar.

Muka fito titi da hijabanmu. Abubuwa masu ci suna ta faɗowa kamar ruwan sama. Mutane a tagogi suna haska fitilar waya. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara buga wa maƙwabta ƙofa Musulmi ne da ke jiran sahur. Waɗanda suka kira lambar gaggawa kuwa an yi ta ce musu su zauna a ɗaki, ba a janye wannan umarni ba sai ƙarfe 2:47, lokacin matakalar, ita ma guda ɗaya tak, ta riga ta cika da baƙin hayaƙi. Mutum 72 suka rasu. Akwai ƴan Maroko, da Sudan, da Eritiriya, da Gambiya, da Siriya, da Turawa. Cikin naƙasassu da marasa ƙarfi 37 da ke zaune a ginin, 15 ba su fito ba. Wannan lissafin nake so ki riƙe idan kina tunanin Hajiya. Kwanakin da suka biyo baya a masallacin Al-Manaar muka yi su, muna rarraba tufafi da abincin buɗa baki, mata suna shigowa da hotunan ƴan'uwansu suna tambaya ko an gan su.

Abin da har yau yake ci mini rai, mazauna ginin sun yi ta kuka tun kafin gobarar, ba a saurare su ba. Kuma an riga an ga gargaɗi: a 2009 mutum shida suka mutu a benen Lakanal da ke kudancin Landan, mai binciken mutuwar ta ba da shawara a 2013 a ƙarfafa saka sifirinkila a tsofaffin benaye. Da aka yi wa Grenfell kwaskwarima a 2015 zuwa 2016, an sa masa sabuwar riga, ba a sa masa ruwa ba. Rahoton ƙarshe na kwamitin Sir Martin Moore-Bick da ya fito ranar 4 ga Satumba, 2024 ya ce duk mutuwar nan da an iya kauce mata, ya kuma kama kamfanonin da suka yi fallayen da soson da rashin gaskiya wajen gwaji da talla.

Injiniya ya yi miki bayani na ilimi, Allah ya saka masa. Ni tawa shawarar ta wadda ta gani da ido ce. In kina da halin tashi, ki tashi. In babu hali, kada ki yi shiru, kuma kada ki tafi ke kaɗai. Ku haɗa kai da tsohuwar nan ta hawa na 14, ku kafa ƙungiyar mazauna, duk wasiƙa ku ajiye kwafi.

Baƙon Deira

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin. Anti Mairo, jikina ya yi sanyi.

Ni a Dubai nake, harkar tura kaya zuwa Kano. Mu nan mun ga irin wannan wuta ba sau ɗaya ba. Benen Torch da ke Marina ya kama a Fabrairu 2015, ya sake kamawa a Agusta 2017. Otal ɗin Address da ke kusa da Burj Khalifa ya kama daren shiga 2016, mutane sun taru kallon wasan wuta sai ga ta gaske. Jikin benayen ya ƙone hawa da yawa, amma a Torch duka sau biyun ba a rasa rai ba. Abin da na lura, benayen nan suna da sifirinkila, matakala ba ɗaya ba ce, kuma da an ji jiniya kowa fita yake yi.

Abin da zan ƙara kawai shi ne baranda. A nan galibi daga can take farawa, guntun taba, garwashin shisha, gashin nama, ko wayar wuta. Idan kina da baranda ki kwashe kwalaye da buhunan kaya da ke wurin, kuma Sallah na zuwa, kada maigida ya ce zai gasa nama a can. Idan an fito kuma a yi nesa da ginin sosai, domin fallayen nan suna tashi da iska suna faɗowa da wutarsu, har motoci suka ƙona a ƙasa.

Mai Alminiyom, Kano

Salamu alaikum. Ni ba a Turai nake ba, amma wannan magana ta shafe ni, don fallen nan da kuke faɗa shi ne abincina. Shekara 12 ina saka shi. Mu alukobon muke ce wa kowane iri, ko wane kamfani ya yi. Bankuna, gidajen mai, filaza, duk wanda kuka gani yana sheƙi a Kano ko Abuja shi ne. Yanzu kuma an fara kiranmu otal-otal da benayen haya masu hawa huɗu, biyar.

Wallahi tunda nake, ba mai ginin da ya taɓa tambayata me ke tsakiyar fallen. Launi ake tambaya da farashi. Na kuwa san yana ci, domin guntayen da muke yankewa idan yara suka haɗa da shara suka ƙona, baƙin hayaƙi yake yi yana ɗiga. Ban taɓa kawo wa raina abin da zai yi a tsaye a jikin bene ba sai yau da na karanta bayanin Injiniya. Kuma mu a bayan fallen nan ake bi da wayoyin fitilun allo da na na'urar sanyaya ɗaki, wani wurin ma hayaƙin janareto a jikinsa yake bugawa. Ga hunturu, komai a bushe, iska na kaɗawa. Ga tagoginmu duk da ƙarfen hana ɓarayi, an kafe shi da walda.

Sifirinkila kuwa, na taɓa aiki a wani gini da na ga kawunan a jere a silin gwanin sha'awa. Na tambayi mai gadi ina tankinsu, ya ce tunda aka gama ginin ba a taɓa haɗa su da ruwa ba.

Injiniya, tambayata: yaya zan gane mai cin wuta da wanda ba ya ci idan na je sayen kaya? Na lura wani tsakiyarsa baƙi ne, wani fari-fari kuma ya fi nauyi.

Injiniya Ɗan Katsina, Bamingam

Malam Mai Alminiyom, Allah ya yi wa sana'a albarka, tambayarka ta yi mini daɗi. Iri uku ne. Akwai PE, roba zalla, shi ne na Grenfell, galibi tsakiyarsa baƙi kuma ba shi da nauyi. Akwai FR, an cakuɗa robar da garin ma'adini, yana ci amma ba kamar na farko ba. Sai A2, wanda kusan duk tsakiyarsa ma'adini ne, ya fi nauyi, idan ka kankare shi yana yin gari kamar alli. Abin da idonka ya gani daidai ne, sai dai launi kaɗai ba hujja ba ne, akwai roba zalla mai fari. Ka duba rubutun da ke bayan fallen, ka nemi takardar gwajin wuta daga dila. A shago mai hawa ɗaya da kowa zai iya fita da gudu, hatsarin da sauƙi. A inda mutane ke kwana a sama, otal ko gidan haya ko asibiti, ka gaya wa mai ginin gaskiya ka ba shi farashin A2, ko ka ce ya bar bangon da filasta da fenti, bulo ba ya cin wuta. Sifirinkila a gida kuma sai da tankinsa na kansa wanda ba a ɗiba don wanka, da famfo mai injin dizal ko janareton da zai tashi da kansa, domin da gobara ta tashi abu na farko da ake yi shi ne kashe wutar lantarki.

Maman Ilham, Manchesta

Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Anti Mairo, na karanta naki a wurin aiki lokacin hutu, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska. Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙurin abin da kuka gani.

Injiniya, na gwada ƙofar a daren da ka faɗa. Ba ta rufe ba. Tana zuwa kusa sai ta tsaya, saura kamar faɗin yatsu uku. Shekara biyu muna tura ta da ƙafa ba mu san laifi ba ne. Na kai rahoto, an zo an canja ƙarfen da ke jan ta ranar Talata. Na bi maƙwabtan hawanmu mu shida, uku irin tawa ce, har da wanda ya cire ƙarfen da kansa don keken yaro. Maƙwabciyata mai tsoron ruwa na karanta mata bayanin kwalbar nan, ta ce za ta bari a shiga.

Na kira hukumar kashe gobara, suna zuwa duba gida kyauta ashe. Sun zo mutum biyu, suka gwada ƙararrawar, suka ce in daina cajin waya a ƙarƙashin filo, suka kuma nuna mana inda za mu tsaya idan mun fita, can tsallaken titi. Kaskon na ajiye shi, na sayi na lantarki.

Tashi ba zai yiwu mana yanzu ba. Mun zauna da maigidan mun yi lissafi, kuɗin ajiya da hayar wata ɗaya a gaba sun fi abin da ke hannunmu, ga makarantar Ilham a bayan gida. Mun sa wa kanmu wa'adi zuwa ƙarshen yarjejeniyar hayar, idan har lokacin ba a sa ranar sauke fallayen ba za mu nemi wani wuri ko da ya fi nisa da asibiti. Hajiya kuma na kira ta na faɗa mata komai. Za ta sauka wajen ƴar yayarta da ke gidan ƙasa a Lids, mu riƙa zuwa ƙarshen mako. Ba ta ji daɗi ba, ta ce jikokinta ta zo gani, amma ta yarda.

Na hau hawa na 14 na sami tsohuwar. Shekararta 31 a ginin, da sanda take tafiya, kuma ta ce har yau ba wanda ya zo ya tambaye ta yadda za ta sauka. Mun rubuta wasiƙa tare muna neman rahotannin biyu da ranar fara aiki, mutum 23 sun sa hannu zuwa jiya. Ranar Alhamis da ƙarfe shida za mu zauna a ɗakin ƙasa. Injiniya, idan rahoton bangon ya zo, zan iya ɗora shafukan a nan ka duba mana? An ce ya fi shafi 60.